Tarihin Kokowa A Ƙasar Maraɗi

Ya kai mai karatu, ko kana zaune unguwar Zariya cikin birnin Maraɗi, ko Tibiri, ko Jiratawa, ka san abin da kan faru in lokacin kokowar takobi ya zo. Tela yakan rage ɗinki, mai shago ya jawo rediyo kusa da kunne, ɗan kabu-kabu ya jingine babur gindin itace. Duk inda aka ajiye talabijin sai ka ga mutane sun yi masa zobe, yaro da babba, har da tsofaffin mata waɗanda ba su taɓa taka filin wasa ba. In ɗan Maraɗi ya kada abokin karonsa, ba sai an gaya maka ba. Ihun da zai tashi daga wannan unguwa zuwa waccan ya ishe ka labari.

To, yau muna so mu bi da kai cikin tarihin wannan wasa, ka ga inda ya faro, da yadda ya tashi daga wasan samari bayan kaka har ya zama sana'a wadda ake cin abinci da ita. Za ka ga kuma hannun da ƙasar Maraɗi ta sa a ciki, domin takobin farko nan ya kwana. Daga ƙarshe za mu duba abu guda wanda ya ba kokowarmu daraja, wanda in ya ɓace, ginin fili da yawan kuɗi ba za su amfana kome ba.

Ƙasar mazaje

Kafin mu shiga fili, bari mu fara da ƙasar da kanta. Sa'ad da mutanen Shehu Usmanu Ɗan Hodiyo suka ci birnin Katsina wajen 1807, sarakunan Haɓe suka yi arewa da jama'arsu. Bayan ƴan shekaru, wajen 1819, Ɗan Kasawa ya zauna Maraɗi, bakin gulbi, ya kafa sarautar Katsina a can. Gobirawa su ma an ci birninsu Alƙalawa cikin 1808. A 1836 aka yi yaƙin Gawakuke, inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi nasara, Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina Rauda suka kwanta dama a fagen fama. Bayan wannan ne Mayaƙi ya tattara Gobirawa ya kafa Tibiri, kusa da Maraɗi.

Ka ga ke nan, garuruwan nan biyu cikin yaƙi aka haife su, cikin yaƙi kuma suka girma. Kusan shekara 100 mutanen Maraɗi da na Tibiri suna kwana da makami kusa da kai. A irin wannan ƙasa, namiji mai ƙarfin jiki da ƙarfin zuciya abin so ne ga kowa, kuma tun yana yaro ake gwada shi. Da Faransawa suka zo a farkon ƙarni na 20 yaƙe-yaƙe suka ƙare, aka rataye baka da kwari, amma son gwada ƙarfi bai ƙare ba. Ya koma gona wurin gayya, ya koma dandali wurin kokowa.

Kada ka zaci wasannin ƙarfi sababbi ne a wannan yanki. Turawan da suka ratso hamada tun kafin mulkin mallaka sun tarar ana yin su. Wani mai suna Denham ya kalli kokowa a Kukawa ta ƙasar Barno cikin 1823, ya rubuta labarinta. Abokin tafiyarsa Clapperton ya kalli damben mahauta a Kano cikin 1824. Abin da suka gani kuwa, kakanni ne suka bar wa mutanen wancan zamani.

Shi birnin Maraɗi, can ƙasa bakin gulbi yake da fari. Cikin 1945 ruwa ya yi ambaliya ya cinye tsohon gari, aka hau da mutane bisa tudu, aka yanka sababbin unguwanni masu miƙaƙƙun hanyoyi. Gari ya yi ta faɗi, baƙi daga ƙauyuka suna ta shigowa, har aka sami unguwanni irin su Zariya. Mutanen nan da suka baro ƙauye sun zo da kayansu, sun kuma zo da son kokowa cikin ransu.

Kokowar dandali

A da, kokowa tana da lokacinta. Ba a yin ta da bazara sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, ba a yin ta tsakiyar damina sa'ad da kowa ke duƙe bisa kunya. Sai an yanke gero, an ɗaure damma, an kai gida, ciki ya cika, sa'an nan za ka ji ganga. Saboda haka tsofaffi in sun ji kiɗan kokowa ya yawaita sun san shekara ta yi kyau.

Ga yadda abin yake tafiya. Sarkin samari na wannan gari yakan aika da goro ga sarkin samari na wancan gari, a sa rana. In ranar ta zo, da la'asar ko da farin wata, sai baƙi su iso da makaɗansu da ƴanmatansu. Jama'a su yi da'ira bisa rairayi, dattawa su zauna gaba. Yara ƙanana ke buɗe fili, sa'an nan matasa, sai can daga baya manyan ƙarti su miƙe. Makaɗi ya kama taken mutum, tsikar jikinsa ta tashi, ya fito tsakar fili yana kirari, yana faɗin sunan ubansa da garinsu da mazajen da ya kayar. Wanda ya ji zai iya da shi, sai ya fito.

Ɗan kokowa na wancan zamani ba ya sa kome sai walki ko bante, da layu da guraye da kambuna a damtse da ƙugu. Kowa da malaminsa ko bokansa, kowa da abin da aka ce ya yi kafin ya taka fili. Wani ya shiga da baya, wani ya tona ƙasa ya binne abu, wani ya watsa ruwan magani gabas da yamma. Amma ko a lokacin, masu hankali sun san laya ba ta hana mai raunin ƙafa faɗuwa. Ainihin maganin ɗan kokowa shi ne noma da hauya, da jan guga, da ɗaukar dami, da fura mai kauri.

Me ake samu? Goro, da zane, da ƴan kuɗi da masu kallo kan manna wa gwani a goshi, wani lokaci akuya ko tunkiya. Babban abin da ake nema shi ne suna. Saurayin da ya kayar da gwanin wani gari, ƴanmata za su sa shi cikin waƙa, iyaye kuma ba su cika hana shi ɗiya ba. Wanda aka kayar ya tashi ya kakkaɓe jiki, ya koma gida ya jira baɗi. Dattawa na nan zaune don kada wasa ya zama faɗa.

Sannu a hankali waɗansu gwanaye suka ga garinsu ya yi musu kaɗan. In rani ya yi sai su ɗauki makaɗi da yara, su bi kasuwanni gari gari suna neman abokin karo. Sukan sauka gidan sarki ko gidan wani attajiri, shi zai ci da su, shi zai yi musu sallama. Iyaka ba ta tare su ba, domin daga Maraɗi zuwa Jibiya da Katsina tafiya ce ƙanƙanuwa, harshe ɗaya ne, kiɗa ɗaya ne. A shekarun 1950 da 1960 cinikin gyaɗa ya kawo kuɗi Maraɗi, alhazan gari suka yi ƙarfi, kyautar fili ta ƙaru. A manyan garuruwa aka fara kewaye wuri da zana, a sa mai karɓar kuɗi a ƙofa. Daga nan kokowa ta soma zama sana'a, ko da yake ba ta da shugaba, ba ta da rubutacciyar doka, ba kuwa wanda zai ce ga gwanin ƙasa duka.

Shekarar 1975

Ka tuna, ko kuwa ka ji daga bakin iyaye, irin wahalar da aka sha daga 1968 zuwa 1974. Fari ya kashe dabbobi, hatsi ya yi wuya, noman gyaɗa ya karye, mutane suka watsu neman abinci. Ran 15 ga Afrilu 1974 soja suka kawar da gwamnatin Jori Hamani, Laftanan Kanar Seyni Kunce ya hau mulki. Sabuwar gwamnati tana neman abin da zai haɗa kan ƴan ƙasa, ya kuma mai da wa matasa ƙarfin gwiwa. Ta farfaɗo da samariya a kowane gari da kowace unguwa. Ta kuma duba ta ga akwai wasa guda wanda Bahaushe da Bazabarme da Babarbare duk sun san shi tun suna yara, ba a bukatar sayo masa kaya daga Turai, rairayi kawai yake so da mazaje biyu.

Saboda haka cikin 1975 aka kira gasar kokowa ta ƙasa duka, karo na farko, a birnin Tawa. A lokacin jihohin Nijar 7 ne: Agadas, Difa, Doso, Maraɗi, Yamai, Tawa da Damagaram. Kowace jiha ta zaɓo gwanayenta ta aiko. Mutanen da a da sai dai su ji labarin juna a bakin fatake, ran nan suka kama ƙugun juna. Da ƙura ta lafa, mutum guda ya rage a tsaye, shi ne Yakuba Ango, wanda duniya ta sani da Kantu, ɗan jihar Maraɗi. Shi ne sarkin kokowar Nijar na farko.

Tun daga nan gasar ta zama ta shekara shekara, tana zagaya manyan biranen jihohi, yau nan, baɗi can. An yi haka da gangan, domin mutumin Difa ya ga Doso, mutumin Agadas ya sha furar Maraɗi. A 1976 kuma aka buɗe bikin matasa na ƙasa a Damagaram, shi ma da wannan nufi. Daga baya aka fid da Tilaberi daga jihar Yamai, ƙungiyoyin da ke karawa suka zama 8. Kunce ya rasu cikin Nuwamba 1987, gwamnatoci da yawa sun zo sun wuce bayansa, na soja da na farar hula, amma ba wadda ta yar da kokowa. An dai tsallake waɗansu shekaru ba a yi ba, shi ya sa gasar da aka yi a ƙarshen 2023 ta zama karo na 44.

Yadda ake neman takobi

Wataƙila kana kallo kowace shekara amma ba wanda ya taɓa warware maka tsarin. To, ga shi. Tun daga ƙauye ake fara zaɓe, a hau zuwa gunduma, a hau zuwa jiha. Saurayin Jiratawa ko na Tibiri sai ya kayar da na kusa da shi kafin ya sa rigar Maraɗi. Kowace jiha tana fid da mutum 10. Jiha 8, watau ƴan kokowa 80 ke nan suke haɗuwa, a yi kwana wajen 10 ana gwabzawa safe da maraice.

A kwanakin farko jiha da jiha ke karawa, mutum 10 da mutum 10. Kowace rana ana ƙirga waɗanda ba su faɗi ba. Wanda ya sha ƙasa sau ɗaya yana iya ci gaba da kokowa don ya taimaki jiharsa, amma shi da takobi sai wata shekara. Haka adadin zai yi ta raguwa, daga 80 zuwa 40, zuwa ƴan ƙalilan, har a rage saura 2. Wannan ne ya sa kokowar takobi take da zafi. Mutum ya yi shekara yana shiri, santsin ƙafa guda ya raba shi da rabonsa.

A gasar takobi ba a auna nauyi. Siriri yana iya haɗuwa da ƙato, kuma sau da yawa an ga dabara ta kada ƙarfi. Ba naushi, ba cizo, ba sa yatsa a ido. In bayan mutum ko haƙarƙarinsa ko mazauninsa ko kansa ya taɓa ƙasa, an kada shi. Akwai alƙali a tsakiya da usur, akwai waɗansu a gefe, akwai agogo. Wanda ya ƙi kama abokin karonsa, yana ta ja da baya, ana yi masa gargaɗi, gargaɗi kuwa in ya taru yana kayar da mutum kamar yadda ƙafa ke kayar da shi. Duk waɗannan dokoki ba a san su a dandalin ƙauye ba. Zuwan gasa ta ƙasa ne ya kawo su, tare da hukumar kokowa mai lura da su.

Abin sha'awa, tsohon dandali bai ɓace cikin sabon fili ba. Har yanzu bisa rairayi ake yi. Makaɗa da maroƙa na nan, kuma duk wanda ya san kokowar Nijar ya san muryar Sagalo, mawaƙin da ya daɗe yana zuga mazaje. Layu da guraye na nan, ko da yake alƙali yakan sa a tuɓe waɗanda za su ji wa mutum ciwo. Ga kuma ƴan cali-cali, masu ban dariya, waɗanda kan shiga fili tsakanin karo da karo suna kwaikwayon tafiyar gwanaye da faɗuwarsu, don zuciyar da ta yi zafi ta huce.

Ranar ƙarshe, wanda ya yi nasara ana naɗa shi kamar sarki. A sa masa babbar riga, a naɗa masa rawani, a miƙa masa takobi, a ba shi doki da kayansa, da kuɗi waɗanda a shekarun baya bayan nan sun kai miliyoyin sefa, ban da kyautar attajirai da ta manyan gwamnati. Ka duba kayan nan da kyau: rawani, doki, takobi. Kayan mayaƙan da ne, irin waɗanda Ɗan Kasawa da Mayaƙi suka san darajarsu. Ga shi yau talaka ɗan manomi yana samun su da ƙarfin damtsensa, ba tare da an zub da jinin kowa ba.

Rediyon ƙasa, Muryar Sahel, shi ya kai kokowa inda mota ba ta zuwa. Masu ba da labari cikin Hausa da Zabarmanci suka sa makiyayi a daji ya san sunan kowane gwani. Da Tele Sahel ta zo, sai ido ya gane wa kansa. Yau kuma ga wayar hannu, ɗan Maraɗi da ke ci rani a Legas ko Abijan yana ganin kaye a lokacin da aka yi shi.

Filaye da masu sunansu

Da yake gasar tana zagayawa, sai ya zama dole kowane babban birni ya sami wurin karɓar baƙi. Haka aka bar zana aka koma siminti. Filin kokowa gini ne mai da'ira, da matakalai na zama hawa hawa, da rumfar manyan baƙi, rairayi a tsakiya. Siffar dandali ce aka ɗaukaka, don dubban mutane su gani ba mai tare wa wani.

Ga wani abu da ya kamata ka lura da shi. A ƙasashe da yawa sunan shugabanni ake sa wa manyan gine-gine. Filayen kokowar Nijar kuwa, da yawansu sunan ƴan kokowa suke ɗauke da shi. Na Maraɗi sunan Yakuba Ango Kantu gare shi. Na Doso sunan Salma Ɗan Rani. Na Damagaram sunan Langa-Langa. Waɗannan mutane ba su gaji sarauta ba, ba su riƙe ofis ba. Ƙugu suka kama har sunansu ya hau bisa ƙofar gini.

Zamanin farko shi ne na su Kantu da Salma da Kadade na Tawa da Langa-Langa. In ka zauna da dattawan Zariya ka ambaci sunayen nan, ka shirya kwana, domin kowa da gwaninsa, kuma gardamar ba ta mutu ba har yau. Bayansu aka yi su Bala Haruna na Damagaram da Laminu Maidaba wanda ya yi wa Agadas kokowa. Maraɗi ba ta zauna hannu sake ba. Labo Maikafo ya kawo mata takobi fiye da sau ɗaya, Umaru Bindigau shi ma ya kawo. A wannan zamani kuwa Kadri Abdu na Doso, wanda ake kira Isaka Isaka, ya yi abin da ba a taɓa yi ba. A Agadas, cikin Disamba 2023, ya ɗauki takobinsa na 6, kuma wanda ya tsaya gabansa a karon ƙarshe ɗan Maraɗi ne, Aibo Hasan. Ka ga daga 1975 zuwa 2023 ƙasar Kantu ba ta yi nisa da tsakar fili ba.

Kokowa a waɗansu ƙasashe

Don ka san darajar abin da ke hannunka, yana da kyau ka leƙa gidan maƙwabta. A Senegal kokowa babbar sana'a ce ƙwarai. Tasu iri biyu ce, akwai irin tamu, akwai kuma wadda ake haɗawa da naushi, ita ce mai kuɗi. Can ɗan kasuwa ne ke shirya karo, ya yi jinga da gwanaye biyu, ya sai da tikiti. Manyan gwanayensu, irin su Yekini, an biya su fiye da sefa miliyan 100 a karo guda. Cikin 2018 aka buɗe musu babban fili a Pikin, kusa da Dakar, mai ɗaukar mutum wajen 20,000. Ƴan kokowar Nijar da na Senegal da na Nijeriya sun sha haɗuwa a gasar ƙasashen Afirka ta Yamma, inda ake bin dokar kokowa marar naushi, ana kuma raba mutane bisa ga nauyinsu.

Akwai kuma wata wadda yaranmu ke kallo a gidajen bidiyo da cikin waya, wadda suke kira reslin, ta ƙasar Amurka. Za ka ga ƙarti bisa wani dakali mai igiyoyi, suna tsalle suna faɗa wa juna, suna bugun juna da kujera. Kamfanin da ya fi girma cikin wannan sana'a shi ne wanda ake kira WWE yanzu. Ran 31 ga Maris 1985 ya yi babban bikinsa na farko mai suna WrestleMania a zauren Madison Square Garden na birnin New York, tun daga nan kuwa kowace shekara sai an yi. Maƙwabtanmu na Nijeriya sun san irin wannan wasa tun shekarun 1970, zamanin gwaninsu Power Mike.

Mutanen nan suna da ƙarfi, sun kuma sha horo, suna jin ciwo na gaske, waɗansu har sun naƙasa. Amma ga abin da yaro mai kallo bai sani ba: tun kafin su hau dakali an riga an shirya wanda zai ci da wanda zai faɗi. Ba zargi ba ne. Cikin 1989 kamfanin da kansa ya shaida wa majalisar jihar New Jersey cewa abin da yake yi nishaɗi ne, ba gasa ba ce, domin a ɗauke masa dokokin da ke kan wasanni irin su dambe. Watau reslin ɗan'uwan wasan kwaikwayo ne. Mai kallonsa labari yake bi, kamar mai kallon fim.

Abin da ya kamata mu tsare

To, mai karatu, mun iso ga abin da muka yi maka alkawari. Me ya sa tela ke barin keke, mai shago ya manta da ciniki? Domin ba wanda ya san abin da zai faru. Gwamna da ke zaune cikin rumfa bai sani ba, alƙali bai sani ba, su kansu mazajen biyu ba su sani ba. Sarkin bara yana iya faɗuwa hannun yaron da ba a taɓa jin sunansa ba, an kuwa sha ganin haka. Kaye na gaskiya shi ne jarin kokowarmu.

Wannan jari yana bukatar tsaro, domin inda kuɗi suka yawaita, jaraba ba ta nisa. Masu kallo sukan yi gunaguni in sun ga mutum biyu sun ƙi kama juna suna cin lokaci, ko in sun ga ƙato ya faɗi faɗuwar da ba ta gamshe su ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ranar da jama'a suka tabbata ana sayen kaye da kuɗi, ko ana bar wa wani don a raba kyauta, ran nan za su kashe rediyo su koma ga aikinsu. Mu ba mu da fitilu da kayan ado irin na Amurka da za su riƙe mai kallo in gaskiya ta tafi. Saboda haka nauyi yana kan hukuma da alƙalai, yana kan attajirai masu kyauta, yana kuma kanka kai mai kallo. Ka yaba wa wanda ya yi kaye mai kyau ko daga wace jiha ya fito, kada kuma ka jefi baƙo don ya kada naka. Dalilin da ya sa aka kira taron Tawa ke nan tun farko.

Abu na biyu, mutum 80 ke shiga fili, guda ɗaya ke hawa doki. Sauran, in ƙarfi ya ƙare, gwiwa ta lalace, gona ce ko kasuwa za ta riƙe su. Saurayin da ke son wannan sana'a ya kama ta da hannu ɗaya, ɗaya hannun ya riƙe hauya ko wata sana'a. Gwanin da ya samu kuwa ya tuna ƙarfi baƙo ne, ya sayi gona da dabba tun ana kiɗa masa take.

Abu na uku, filin siminti ba ya haifar ɗan kokowa, karɓarsa kawai yake yi. Dandali ke haihuwa. Kantu da Labo ba a cikin gini suka koyi kama ƙugu ba. A unguwanni irin Zariya gidaje suna ta cin fili, har yaro ya rasa rairayin da zai yi wasa a kai. Masu unguwa da iyaye su bar wa yara wuri. Mutanen Tibiri da Jiratawa da ƙauyukan bakin gulbi kuma, in an gama kaka, a aika wa maƙwabta goro kamar yadda aka saba, a kira makaɗi, a bar yara ƙanana su buɗe fili. Cikin yaran nan masu ƙura a ka ne wanda zai sake kawo takobi Maraɗi yake.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kai mu kaka lafiya, mu ji ganga.